Wayar da Aka Binne a Buhun Shinkafa

Asabar, 21 ga Satumba, 2024

Yau muka sake buɗe ajin gyaran waya, karo na farko tun da ruwa ya ci gari. Mu nan Gomari Allah ya tsare, bai iso mu ba. Uzochukwu, mai sayar da kayan waya, shi ya share mana ɗakin bayan shagonsa da kansa. Shekara shida ke nan yana ara mana ɗakin nan, har yau in na fara godiya sai ya ce, "Ticha, bar maganar nan, ana zafi."

Cikin ɗalibai takwas, biyar suka zo. Sauran suna sansani da iyayensu. Makarantar da nake koyar da kimiyya ma a rufe take, ajina cike da tabarmi da tukwanen mutane. Don haka kullum za mu riƙa haɗuwa yanzu, ba Asabar kaɗai ba.

Na yi musu darasin da na fi so. Na buɗe wata matacciyar waya, na ciro injinta, ɗan allon nan da bai kai faɗin yatsu biyu ba, na sa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. Na ce kowa ya leƙa ya ga Maiduguri daga jirgin sama. Ga tituna na tagulla, ga unguwanni, ga gidan wuta. Baƙin murabba'in nan na tsakiya, mai girman farcen babban yatsa, shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar wayar. Duk titi can ya nufa, kamar Kasuwar Monday. Kusa da shi ga memori, rumbun da hotuna da muryoyi suke kwana.

Muhsinat ta daɗe tana leƙe. Ta ɗago ta ce, "Malam, nan ma ruwa ya ci Gwange." Ta nuna min wata tsatsa kore-kore a gefen allon. Ban gan ta ba sai da ta nuna. Yarinyar nan!

Litinin, 23 ga Satumba

Wayoyi kwando biyu. Kusan kowace da ƙwayar shinkafa a ramin caji. Wa ya koya wa garin nan cewa shinkafa likita ce?

Muhsinat ta sake tambaya ko za ta taɓa ɗaya. Na nuna mata bango. Ƙa'idata tun ranar farko: ba mai taɓa wayar mutum sai ya ɗaga aisi ɗari, 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke manne a allo, daga matattun injuna, ya mayar da su, ba tare da ya ɓata ko ɗaya ba. Kowane ɗaya, layi ɗaya na alli a ƙarƙashin sunan mutum. Ita tana da sittin da takwas. Obadiah, da ya bar tuƙin keke ya dawo aji da furfurarsa, yana da talatin da ɗaya, kuma yana alfahari da su kamar 'ya'yansa.

Ta ce, "Malam, kai ɗari ka yi kafin ka fara?" Na ce ni ba ni da malami mai tausayi irin nata. Ta yi dariya. Shekararta goma sha tara, hannunta kamar an dasa shi a tebur.

Talata, 24 ga Satumba

Hashim. Ban yi zaton zan sake rubuta sunan nan a littafin nan ba.

Ɗalibina ne a sakandare, shekara goma da suka wuce. Bai taɓa cin jarrabawata da kyau ba, amma ban taɓa iya yi masa faɗa ban yi dariya ba. Ya koma aikin injin casar shinkafa a Zabarmari, ya yi aure bara. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi a watan Yuni. Na je jana'iza.

Yau mahaifiyarsa ta shigo, Ya Fanna, mai sayar da shinkafa, da ƙullin zani a hannu. "Wushe, Mala," ta gaishe ni da Kanuri. Ta zauna a bencin ɗalibai ba tare da an ce mata ba. Ta kwance ƙulli. Mudu guda na shinkafa, a tsakiya ga waya.

Ga labarin, yadda ta ba ni. Hashim ya bar matarsa Hajara da ciki. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, sai ya ɗauki muryarsa a wayar nan: huɗubar da zai yi wa jaririn a kunne, da sunan da ya zaɓa, in namiji in mace. Bai faɗa wa kowa ba. Ya sa Hajara ta yi alkawarin ba za ta saurara ba sai ta haihu. Bai tura wa kowa ba don kada wani ya yi ɗoki ya buɗe. Halinsa ke nan, komai sai ya mai da shi abin mamaki.

Ranar ruwa Hajara tana Gwange. Ta ɗaure wayar a gefen zani ta fita, da tsohon ciki, ruwa har ƙirji. Yanzu suna Wulari, gidan Ajimi, yayan Hashim.

Na tambayi Ya Fanna me aka yi da wayar tun ranar. Ta ce, "Na binne ta a buhu. Kwana goma sha huɗu. Kuma shinkafar tawa ta Zabarmari ce, Mala, ba ta waje ba." Na ce to, da sauƙi, in dai ba a jona ta ba. Ta ce, "Kullum da safe ina tono ta, in kai wa mai caji ya jona, in ga ko ta farka."

Na dafe kai. Ta ga fuskata. Sai ta ce a hankali, "Na kashe ta?"

Na ce a'a. Ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Likita ya ce haihuwa ko yau ko gobe.

Laraba, 25 ga Satumba

Mun buɗe ta a gaban aji. Shinkafa ta shanye abin da ke waje, na ciki yana nan inda yake. Wutar da aka riƙa jona mata kullum ita ta dafa gishirin ruwan a kan titunan. Gidan wuta ya ƙone ƙurmus. Rabin allon ya zama kore. Mun wanke da sifirit, mun auna da mita. Injin nan ba zai tashi ba har abada.

Amma furosesa da memori, da alama ruwa bai shiga ƙarƙashinsu ba. Baƙin gam ɗin da aka zagaye su da shi ya tsare su.

Obadiah ya ce a ciro memorin kawai a karanta a kwamfuta. Na ji daɗin tambayar, har na miƙe tsaye. Na ce ai nan gizon yake: abin da ke cikin rumbun a kulle yake, makullin kuwa yana cikin furosesan wayar, nata ita kaɗai, ba na wata ba. Rumbun ba ya buɗe wa baƙo. Sai dai a ɗauke su su biyu, a kai su sabon gari: a samo lafiyayyen inji irin wannan sak, a cire nasa, a dasa waɗannan. A ƙarƙashin furosesa akwai ɗaruruwan 'yan ƙwallayen dalma, in aka ajiye ƙwayar gero kusa da su sai ta zama kabewa. Ɗaya ta taɓa 'yar uwarta, an gama. Zafi ya yi yawa, an gama. Kuma ba a yi sau biyu.

Na yi irin wannan aikin sau tara a rayuwata. Bakwai sun tashi.

Da yamma Hajara ta kira ni da wayar aro. Tana takaba, ba ta fita. Muryarta ƙasa-ƙasa. "Malam, sau nawa na ɗora yatsa a kai in janye. Da na sani da na karya alkawarin." Na ce kada ta ce haka. Na ce ɗalibina ne, aikin gida ya bar min, kamar yadda ya saba.

Ta yi 'yar dariya. Na gode wa Allah da wannan.

Alhamis, 26 ga Satumba

Hantsaki ya ɗan yi rawa a hannuna yau. Shayi ya yi yawa. Zan rage.

Asabar, 28 ga Satumba

Uzochukwu ya zagaye rabin gari a kan inji ɗaya. Irin wayar ta tsufa, kuma duk wadda aka samu ta sha ruwa. Da la'asar ya shigo da gumi, ya ajiye ɗan allo a gabana a cikin takarda. "Ticha, wannan bai taɓa ganin ruwa ba, ko na alwala." Wani abokinsa ne ya tono masa a ƙasan akwati. Shi kaɗai ne, in ji shi.

Muhsinat saba'in da biyar. Ta roƙa in bar ta ta tsaya kusa da ni ranar aikin. Na ce za ta riƙe min fitila.

Litinin, 30 ga Satumba

Na ɓata shi.

Bari in rubuta yadda ya faru, ko ba don kowa ba. Na ce bari in fara da injin Uzochukwu, in cire nasa furosesan in share wurin. Aiki mafi sauƙi a cikin duka. Na kunna bulawa, iskar zafi ta daidaita, dalma ta fara sheƙi. Na zura bakin hantsaki a ƙarƙashi. Sai hannuna ya yi wani ɗan tsalle. Kaɗan. A duniyar mutane ko ƙuda ba zai kora ba. A ƙarƙashin madubi kuwa kamar an bi unguwa da katafila. Tagulla ta ɓamɓare, wuri goma sha wani abu.

Na ce fanka ce ta kaɗa iskar. Obadiah ya tashi ya kashe fanka, bawan Allah. Muhsinat kuwa tana nan inda take. Fitilar da ke hannunta ko motsi ba ta yi ba, kuma hannuna take kallo, ba allon ba.

Da a ce furosesan Hashim ne a ƙarƙashin hantsakin nan.

Talata, 1 ga Oktoba

Ban sha shayi ba kwana biyar. Ba shayi ba ne.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Hajara ta sauka da hantsi. Mace. Lafiya ƙalau su biyun, alhamdulillahi.

Na je barka Wulari. Ajimi ya fito muka zauna a ƙofar gida. Shi ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne, don ba a jira da wannan. Amma bai raɗa mata suna ba. Mutumin kirki ne, ya yi magana a tsanake. "Malam, ba za a yanka rago babu suna ba. Alhamis mai zuwa ne. In wayar ba ta tashi zuwa la'asar ɗin Laraba ba, sunan Ya, mahaifiyarmu, za mu sa, Fanna. Dama shi kowa yake zato."

Na ce gaskiya ne. Ban gaya masa abin da ya faru Litinin ba.

Ya Fanna ta leƙo daga zaure da turaren wuta a hannu. "Mala, ta farka?" Na ce tana hanya. Ta ce, "Ni dai ba don sunan ba. Na san ni ce. Muryar nake so."

Kwana shida. Ba inji, ba hannu.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Bayan masallaci na tarar da Madam Philomena, matar Uzochukwu, zaune a kujerata. Ta ɗora wayarta a kan tebur. Gilashin a tsage, bayanta ɗaure da roba. Irin ta Hashim ce sak. Shekara huɗu ina ganin wayar nan a hannunta, ban taɓa lura ba.

Na ce Madam, in na cire ƙwaƙwalwar wayar nan ba za ta dawo taki ba. Ta ce ta sani, mijinta ya yi mata bayani har ya gundure ta. Muhsinat ta riga ta kwashe mata hotuna da lambobi zuwa wani wuri tun da safe. Wato sun gama shirinsu a bayana.

Ta ce, "Mamana ta rasu a ƙauye ina nan ina tsaron shago. Ko 'ina kwana' ɗinta ba ni da shi. Ɗauka, Ticha, kafin in canza ra'ayi."

Uzochukwu daga cikin shago: "Shekara biyu ina roƙonta ta yar da wayar nan!" Ta ce masa wani abu da yarensu. Ya koma kan aikinsa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na zauna gaban injin Madam minti arba'in da bulawa a kashe. Na ce wa ɗalibai ina nazari.

A gida matata Rahmat ta zuba min miya, ta tsaya tana kallon cokali. Shekara ashirin da shida da aure, ba abin da zan ɓoye mata. Ta ce, "Tun azumi nake gani, Malam. Na ce bari ka faɗa da bakinka." Ta ce Litinin za mu je asibiti, kuma ba shawara take ba ni ba.

Sai ta ce, "Baba ma ai haka ya fara."

Baba. Mai ɗinkin hula, wanda ake zuwa tun daga Bama don aikinsa. Ina ɗan shekara goma ya fara kirana in sa masa zare a allura. Ya ce don in koya ne, yaro ya san allura tun da wuri. Daga baya ya ce in yi masa layin gefe, don in koya. Daga baya tsakiya. Yana zaune kusa da ni yana cewa ja, sassauta, tsaya. Shekara arba'in da biyu ina ba da labarin nan a matsayin yadda Baba ya iya koyarwa.

Yau na gane.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ba aji yau, amma na bi ta shago. Na tarar da Muhsinat da Madam, Madam tana tsinke alayyafo, ita tana kan madubi da matattun injuna. Na tsaya a ƙofa ban yi sallama ba. Na ga yadda take kafa ɗan yatsanta a gefen tebur kafin ta zura hantsaki. Ni na koya mata. Na ga yadda take riƙe numfashi, ta jira dalma ta saki da kanta, ba ta ja. Wannan ban koya mata ba. Ni kullum ina ɗan ja.

Tamanin da huɗu. Ba ta ɓata ko ɗaya ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Asibiti da safe. Likita ya ce ba abin tsoro ba ne, irin rawar hannun da ake gado ce. Zan rubuta a allo, zan tuƙa babur, zan ci tuwo. Na tambaye shi aikin da ake yi a ƙarƙashin madubi fa. Ya cire tabarau ya ce, "Malam, ba ka da ɗalibai?"

Da rana na kira Muhsinat waje, gindin dogon yaro. Na ce gobe ita za ta yi aikin Hashim. Na ce dama ce ta koyo da ba a samu kullum.

Ta kalli ƙasa. "Ƙa'ida fa, Malam? Saura sha shida."

Na ce ni na kafa ta.

"In na ƙona shi fa?"

Na ce to ni na ƙona, don ni na ba ta. Za ni Wulari da ƙafata in faɗa musu. Ta ce ba za ta iya ba, idonta ya cika. Na ce, 'yata, ɗaga hannunki. Ta ɗaga. Na ɗaga nawa kusa da nata. Muka tsaya haka, ganye yana faɗo mana.

Can ta ce, "Amma za ka zauna kusa da ni." Na ce ina za ni?

Na kira Hajara na gaya mata gaskiya duka, har ta Litinin ɗin da ta wuce. Ta ce, "Wadda ka yarda da ita, na yarda da ita." Ta ba ni lambobin buɗe wayar. Ranar aurensu ce.

Talata, 8 ga Oktoba

Mun fara ƙarfe bakwai na safe, kafin zafi. Uzochukwu ya rufe shagon gaba, ya ce ko shugaban ƙasa ne ya zo neman caja ya jira. Obadiah ya tsaya a ƙofa yana korar masu leƙe. Fanka a kashe.

Muhsinat ta fara da injin Madam. Ta ɗaga nasa biyun, ta share wurin har yana ƙyalli. Ko ƙwarzane babu.

Sai na Hashim. Ta kankare baƙin gam a hankali, kusan awa guda. Na riƙe fitila, da hannu biyu. Ina faɗa mata: ƙara zafi kaɗan, zagaya, kada ki tsaya wuri ɗaya, jira. Na ji bakina yana cewa "ja, sassauta, tsaya," na yi sauri na haɗiye.

Ta ce bismillah. Memori ya taso. Ta sake cewa bismillah. Furosesa ya taso a bakin hantsaki kamar ɓawon gyaɗa, ta ajiye shi a kan farar takarda. Na leƙa madubi. Cikakke. Ba ƙuna, ba tsagewa.

Sauran yinin ya tafi a sabunta musu 'yan ƙwallayen dalma. Sau biyu tana gogewa tana sakewa, don ta ce guda uku sun fi sauran girma. Ni ban ga bambancin ba. Na ce ta yi daidai.

Madam ta kawo mana shinkafa da rana. Obadiah ya buɗe kwano ya ce, "A duba ko da waya a ciki." Muhsinat ta yi dariya har da hawaye. Daga nan hannunta ya fara kyarma, na farko yau. Na ce a tashi, gobe ma rana ce. Ta ce gobe ce kaɗai ranar. Na ce duk da haka.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ta dasa su kafin ƙarfe goma. Muka bar allon ya huce. Muka jona batir da gilashi, ta danna.

Shiru.

Ta sake dannawa. Shiru. Ta ture kujera baya, ta rufe fuska da mayafi. Uzochukwu ya fita waje.

Na ce mata tsaya, mu tambayi mita, ba zuciya ba. Muka jona. Allurar ta ɗaga kaɗan, ta faɗi, ta ɗaga, ta faɗi. Na san wannan rawar, na gan ta a aiki na huɗu da na bakwai. Furosesa yana da rai, yana ƙwanƙwasa ƙofar rumbu, rumbun ne bai amsa ba. Na ce memori bai zauna daidai ba ta kusurwa ɗaya. Ta ba shi zafi kaɗan, ta taɓa gefensa sau ɗaya tak, taɓawar da ba ta kai taɓawa ba, zai gyara zamansa da kansa.

Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce wannan kam na tabbata. Ashe akwai abin da bai bi ta hannu ba.

Ta yi. Muka jira ya huce, jira mafi tsawo a shekarar nan. Ta danna. Gilashi ya yi haske.

Obadiah ya yi ihu har masu shagon maƙwabta suka shigo. Ta sa lambobin. Ga hoton Hashim a gaban injin casa, da hula a karkace, yana yi wa mai ɗaukar hoton gwalo. Na juya na duba bango na ɗan lokaci.

Ɗaya ƙa'idar tawa: mai gyara ba ya buɗe abin mutane. Mun ga sunan muryar a jeri, "Kada ki buɗe, Hajara, ina ganinki." Muka kwafe ta wuri biyu ba tare da mun saurara ba. Muhsinat ta kai wayar Wulari da hannunta, a naɗe cikin audugar da Madam ta bayar. Ƙarfe biyu da rabi. Ni na tsaya a waje da Ajimi. Liman ya riga ya ce masa huɗuba ta yi tun ranar haihuwa, amma uba ya yi wa 'yarsa magana a kunne, wa zai hana?

Ta daɗe a ciki. Ta fito idonta jawur. Na ce yaya? Ta ce, "Malam, ai ka ce ba ma faɗar abin mutane."

Alhamis, 10 ga Oktoba

Suna da sassafe. Dabino, goro, tabarmi har bakin titi. Uzochukwu ya zo da babbar riga ta aro. Liman ya yi addu'a, mai shela ya ɗaga murya: Mu'mina.

Maza suka kalli juna. Ba Mu'mina a dangin Hashim.

Bayan an watse Ya Fanna ta sa aka kira ni zaure. Tana zaune da jaririyar a cinya. "Mala, ka ga ɗalibinka? Kwana goma sha huɗu ina gadinsa a shinkafata, ya tashi ya ba wa wata!" Sunan mahaifiyar Hajara ne, wadda ta rasu Hajara tana goye. Ko hotonta ba ta da shi.

Ta ce bayan kiran salla da sunan, sai ya yi tari, ya ce, "Ya, na san kina wurin, kada ki yi fushi. Ke takwarorinki huɗu a gidan nan. Uwar Hajara ba ta da ko ɗaya." Ta kwaikwayi muryarsa, har da yadda yake jan "Ya" ɗin. Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta goge ido da gefen lafaya. Ta ce sau goma sha ɗaya ta sa aka maimaita mata tun jiya.

Ta ce a kira mata yarinyar. Muhsinat ta durƙusa. Ya Fanna ta kama hannayenta biyu, ta juya su, ta tofa musu addu'a da Kanuri, doguwa. Ta ɗago ta ce min, "Ka iya koyarwa, Mala." Na ce Allah ne.

Buhun shinkafa guda ta aiko shago, wai na Madam Philomena. Buhun da wayar ta kwana a ciki.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ɗalibai bakwai yau. Rose, ɗaya daga cikin waɗanda ruwa ya kora, ta dawo daga sansani. Litinin ta sama za a buɗe makaranta, in ji su.

Na riga kowa zuwa. Na ɗauki alli na cika wa Muhsinat layukanta, sha shida. Sun fito a ɗan karkace kusa da nata. Obadiah ya ce shi ma a taimaka masa da goma, na ce ya je ya nemo bulawarsa.

Na matsar da kujerata gefen taga. Muhsinat ce a kan madubi yanzu. Don ta koya ne. Kuma daga taga na fi ganin hannun kowa.

Na sha shayi, kofi biyu.